Rubutun Farko na Kawu

A ofis Mai Ƙofa suke ce mata, don aikinta ke nan. Kamfanin nasu ƙarami ne, mutum goma sha ɗaya a hawa na biyu, a saman wani shagon sayar da tayoyi. Sun gina dandalin sada zumunta, irin wanda ake shiga a yi hira a saka hotuna, sai dai nasu ya bambanta da saura a abu ɗaya. Abin da mutum ya rubuta ba a kwamfutar kamfani ake ajiye shi ba. Ana shigar da shi cikin wani kundi da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, kowane shafi a ɗaure da na bayansa. Bulokcen ake kiran fasahar, su kuwa sarƙa suke cewa don sauƙin baki. Abin da ya hau sarƙa ya hau ke nan. Kamfani ba ya iya goge shi, mai shi ma ba ya iyawa.

Ita ba ruwanta da sarƙar. Nata aikin yana farawa daga lokacin da baƙo ya sauke manhajar a wayarsa, ya ƙare ranar da ya zama ɗan gida. Wata bakwai ta yi tana sassaƙa wannan hanya. Da ta zo, shafi tara mutum zai wuce kafin ya shiga, ta mai da su huɗu. Kalmomin sirri goma sha biyu da ake ba kowa ya adana, waɗanda a da suke korar rabin masu zuwa, ta samo yadda za a bayyana su har mai tayoyin ƙasa ya gane, ya rubuta nasa ya kulle a akwatin ƙarfe. Yanzu cikin mutum goma da suka fara rajista, takwas suna gamawa. Ta san aikinta ya yi kyau, ba ta kuma ɓoye cewa ta sani.

Ranar Litinin da safe Manaja ya leƙo daga ɗakinsa ya yafito ta da hannu. Mutum ne mai jiki, mai saurin magana, wanda ba ya zama sai in labarin ba daɗi. Ta same shi a zaune.

"Ja kujera, Mai Ƙofa. Duba nan." Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. "Wata biyun nan, mutum dubu huɗu da ɗari biyu sun shigo ta ƙofarki. Madalla. Nawa ne suka buɗe baki?"

"Ɗari uku da 'yan kai."

"Ɗari uku da sha ɗaya. Sauran sun shigo, sun nemi wuri, sun zauna, sun yi gum. Gidan makoki ma ai ana gaisawa."

"Suna dawowa, yallaɓai. Fiye da rabinsu kullum sai sun buɗe."

"Su ga me? Sanarwata guda shida?" Ya turo wata takarda gabanta. "Mutanen wani kamfani sun zo mini makon jiya. Suna da tsarin tukuici. Ka yi rubutu, a jefa maka ɗan sulen dandali a asusunka. Sun ce cikin sati ɗaya wuri zai cika da surutu."

Ta san tsarin. Can inda ta yi karatu, ta yi aikin shekara biyu a wani kamfani da ya gwada shi. Wuri ya cika, ba ƙarya. Mutum ɗaya ya rubuta "barka da asuba" sau ɗari biyu a yini. Wani ya buɗe asusu arba'in yana gaida kansa yana amsawa. Masu maganar kirki suka tattara nasu ya nasu suka fice. Ta faɗa masa haka a taƙaice.

"Na ji," in ji shi. "Amma masu zuba jari sun fi son surutun banza a kan shirun kirki. Kuma ki sani, in na ɗauki mutanen nan, da ƙofarsu za su zo. Shafukanki huɗu cire su za a yi. Ke kuma, ga teburin amsa ƙorafi can ba kowa a kai."

"Wato ka gama yanke shawara."

"Da na gama da ban kira ki ba. Litinin mai zuwa zan sa hannu. Kafin nan ki kawo mini dalilin shirun nan. Dalili fa, ba zato ba."

Ta koma teburinta. Ba ta ji haushinsa ba, don gaskiya ya faɗa. Ƙofa komai kyanta, in ɗakin da ba a magana take kai mutum, aikin banza ce. Amma wata bakwai ba kwana bakwai ba ne, kuma ba ta dawo gida don ta wuni tana ce wa mutane su kashe waya su sake kunnawa ba.

Ta fara da abin da aka koya mata. Ta aika wa mutum dubu takardar tambayoyi. Arba'in da uku suka amsa, kusan duka baki ɗaya: dandali ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Ta je wurin Dogo, babban injiniyansu, wanda shi ya gina sarƙar, yake kuma maganarta kamar 'yarsa ta fari. Dogo ya ce maɓallin rubutu ne ya yi ƙanƙanta. Suka ƙara masa girma, suka mai da shi kore. Zuwa Laraba mutum tara suka ƙaru.

Dogo bai bar ta ta huta ba. Ofishin yana da wani wuri da suke kira filin gwaji, wata sarƙar wasa da injiniyoyi suka kafa don jarraba sababbin abubuwa, wadda ake share ta tas duk ƙarshen mako. Tun da aka kafa ta nan ma'aikata suke hirarsu. Dogo ya saka hoton teburin ƙorafi a can, ya rubuta a ƙasa: "An share, an goge, ana jiran mai shi." Ta mayar masa da hoton takalminsa da ya huje. Aka yi dariya, aka koma aiki.

Ranar Alhamis tana bin jerin masu shirun, ba don tana sa ran ganin komai ba, sai ta ci karo da Kawu.

Kawu wan mahaifiyarta ne. Shekara talatin da huɗu ya yi a maɗaba'a kafin ya yi ritaya. Ita da kanta ta sa shi ya yi rajista sati biyar da suka wuce, ya kuma gama ba tare da ya tambaye ta komai ba, har ta yi alfahari da shi a taron ofis. Mutum ne da ke gardama da rediyo. In ya fara bayani a kan yadda direbobin yanzu ke tuƙi, shayi sai ya huce sau biyu. Wannan mutumin ne bai rubuta ko harafi ɗaya ba.

Ƙarfe uku ta ɗauki jakarta.

Gidan yana ƙarshen wani layi da motar haya ba ta shiga. Inna, matar Kawu, ce ta buɗe mata, almakashi a hannu, wani yadi a kafaɗa.

"A'a, Auta! Yau ta ina rana ta fito? Malam, ga 'yarka ta tuna da mu."

"Inna, sati uku ne fa kawai."

"Kawai, in ji ki. Shigo, ki kula da zaren nan."

Kawu yana inda yake kullum, a teburin bakin taga, rediyo a hagu, gilashin ƙara girman rubutu a dama, wayarsa a jingine da gwangwanin fensira. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi mahaifiyarta, ya tambayi aiki, ya tambayi motar da ya ce kada ta saya ta saya. Sai da shayi ya zo sannan ta kawo maganar.

"Kawu, dandalin namu bai yi maka ba ne?"

"Wa ya ce? Kullum sai na shiga. Aiki mai tsabta. Haruffan ma kun zaɓi masu kyau, ba sa gajiyar da ido."

"To na ga ba ka ce komai ba."

"Ai ina kai."

"Kana kan me?"

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya miƙa mata da hannu biyu. A shafin farko akwai kwanan watan ranar da ya yi rajista. A ƙasa sakin layi guda, rubutun hannu mai kyau, an soke rabinsa da jan biro. Shafi na biyu ma haka. Ta yi ta buɗewa. Akwai wanda ya fara da tarihin mahaifinsa. Akwai nasiha ga jikoki guda goma sha biyu, an soke biyar. Akwai wanda ya nemi afuwar duk wanda ya taɓa saɓa wa, aka soke shi gaba ɗaya, aka rubuta a gefe: "Ya yi kama da wasiyya."

"Na goma sha huɗu nake kai," in ji Kawu. "Na sha ɗaya ya kusa, amma akwai yabon kai a ciki."

"Kullum bayan karin kumallo," Inna ta ce daga bakin ƙofa. "Awa biyu cur, ko tari ba a yi. Ranar nan na shigo neman allura, ya kalle ni kamar na zubar masa da tawada."

"Kawu, ai ba littafi aka ce ka wallafa ba. Gaisuwa ma ta isa. Ka ce sannunku."

Ya ɗauki wayar, ya buɗe manhajar, ya miƙo mata. "Karanta mini abin da kuka rubuta a nan. Da ƙarfi."

Ta san shafin ba sai ta duba ba. Shi ne na huɗu, na ƙarshe, wanda ke zama a saman akwatin rubutu har sai mutum ya yi rubutunsa na farko. Ita ta tsara shi. Kwana uku ta yi tana auna kalmominsa, ranar da ta gama har Dogo ya tafa mata. Ta karanta: "Barka da zuwa. A nan maganarka ba ta gogewa. Ba mai iya share ta, ko mu. Za ta zauna har jikokin jikokinka su karanta. Me za ka fara cewa?"

"To," in ji Kawu. "Jikokin jikokina su buɗe su ga kakansu ya ce sannunku? Abin da ya bar musu ke nan?"

Ya karɓi wayarsa, ya mayar da ita jikin gwangwanin.

"Ni fa ban ce kun yi laifi ba. Gaskiya kuka faɗa, kuma abin ya burge ni. Amma ni na san bugun takarda. Shekarar da na fara aiki muka buga kalanda dubu ashirin, watan shida da kwana talatin da ɗaya. Ba wanda ya gani sai da aka rarraba. Har na bar wurin ana kiran maigidanmu Talatin-da-Ɗaya a bayan idonsa. Waccan ma takarda ce, tana yagewa, gara tana ci. Taku ko gara ba ta ci."

"Ni ma ai tawa ke nan," in ji Inna. Ta shigo ta zauna a hannun kujera. "Na so in saka hoton jikana. Na ɗauka, ya yi kyau, zan danna ke nan sai na hango labulen nan a bayansa, a yage. Na ce har abada da wannan labulen? Shi ya sa kika gan ni da almakashi. Sabo nake ɗinkawa. In na rataya sai a kawo yaron a sake ɗauka."

"Inna, yaron ai ya fara rarrafe."

"To sai a riƙe shi."

Mai Ƙofa ta fita tsakar gida ta kira yayarta, ma'aikaciyar jinya, wadda ita ma tana cikin jerin. Yaya ta ɗauka tana tafiya, ana jin ƙarar takalminta a barandar asibiti.

"Yaya, me ya hana ki rubutu a dandalinmu?"

"Ke, ni da bakina ke riga tunanina? Jiya na rubuta wa ƙawata cewa sabuwar rigarta ta yi mata kamar buhu, kafin ta gani na goge. A naku in yi yaya? Ina dai leƙawa in ga ko wani zai fara."

"Kowa jira yake wani ya fara."

"To ke kin fara?"

"Ina da biyu."

"Biyu! Masu gida da kansu. Sai anjima, ana kirana."

Da ta koma ɗaki Kawu ya riga ya ɗauki jan bironsa. Ta zauna tana kallonsa yana bin layi da yatsa.

"Kawu, bayan kalandar nan me kuka yi?"

"Me za mu yi? Abin da ya kamata a yi tun farko. Ba a ɗora aiki a babban inji kai tsaye. Sai an fitar da gwaji, takarda ɗaya, a ƙaramin inji. A zagaya da ita, kowa ya gani, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, a soke, a gyara, a yi faɗa in ta kama. Ba mai jin tsoron gwaji, don kwandon shara za shi. In an gamsu, mai aiki ya sa hannu, sannan a kunna babba." Ya nuna wayar da biro. "Ku babban inji kawai kuka ba mu. Ina ƙaramin?"

"Ba mu da..." Ta tsaya.

Suna da shi: filin gwaji. A cikinsa ta saka hoton takalmin Dogo jiya, ba ta ko sake karantawa ba kafin ta danna.

"Kawu, ara mini littafin nan zuwa Litinin."

"Ban gama ba."

"Shi ya sa nake so."

Ya rufe littafin ya ba ta. "Kada kowa ya karanta na bakwai. Akwai maganar Innarki a ciki."

"Wace magana?" in ji Inna.

"Ta alheri."

"To me ya sa aka soke?"

Mai Ƙofa ta yi sallama ta bar su suna yi.

Ranar Juma'a ta riga kowa zuwa ofis, ta zauna ta yi ƙidayar da ya kamata ta yi tun ranar Litinin. Da Dogo ya iso ta bari ya ajiye jaka, sannan ta jawo kujera kusa da shi. Ya saurare ta yana juya tasa kujerar, ya fara girgiza kai tun ba ta kai ƙarshe ba.

"Wato mu buɗe wa mutane ɗakin da ake gogewa. To mene ne bambancinmu da sauran? Shekara uku ina gina abin da ba ya gogewa, ke kuma kin zo mini da tsumma."

"Ba wanda zai taɓa sarƙarka. Tana nan. Mutum ya yi hirarsa a ɗakin gwaji, bayan kwana bakwai ta share. Wadda yake so ta zauna, ya danna hatimi ta hau sarƙa. Shi zai zaɓa."

"Mutanen nan sun zo mana ne don sun gaji da wuraren da ake share musu magana."

"Sun gaji da wani ya share musu. Ba su ce sun gaji da sharewa da kansu ba."

"Hajiya Mai Ƙofa, baƙunta ce kawai. Za su saba."

"Kai ka saba?"

"Ni?"

"Rubutu nawa kake da shi a babbar sarƙa?"

Ya ɗaga kai yana kallon silin. "Ban ƙirga ba."

"Na ƙirga maka. Ɗaya. Ranar da aka buɗe bara, ka rubuta 'Mun fara.' A filin gwaji kuwa, satin nan kaɗai, ɗari huɗu da sittin."

Na tebura kusa, da suka yi kamar ba sa ji, suka tuntsire da dariya.

"Wannan daban," in ji Dogo. "Can wurin aiki ne."

"Wane aiki ne ya sa ka saka hoton kyanwar maƙwabcinka sau tara?"

Dogo ba ya son a kayar da shi, amma bai taɓa musu da lamba ba. Ya jawo kwamfutarsa ya duba da kansa. Su goma sha ɗaya, a babbar sarƙa rubutu goma sha tara ne tun da aka buɗe, shida daga ciki sanarwar Manaja. A filin gwaji dubu biyu da 'yan kai cikin kwana biyar. Su da suka gina gidan ba su taɓa zama a falonsa ba. A rumfar baya suke wuni, ƙafa a miƙe, suna mamakin yadda baƙi suka ƙi sakin jiki a ciki.

Dogo ya ture kwamfutar gefe.

"Akwai abin da na so in rubuta," in ji shi can. "Ranar da aka haifi ɗana. Na ce bari sai na samu kalmomin da suka dace."

"Watansa nawa yanzu?"

"Takwas."

"Kai da Kawuna sai a haɗa ku tebur ɗaya. Kwana nawa aikin zai ɗauke ka?"

"Filin ai yana nan. Ƙofa kawai za a huda masa, sai maɓallin hatimi. Kwana huɗu, in ba a dame ni ba." Ya gyara zama. "Amma ba za a bar musu hirarmu su gani ba."

"Allah ya kiyaye."

Ranar Litinin ta shiga ɗakin Manaja da abu biyu: takarda ɗaya mai lambobi, da littafin Kawu. Ya fara da takardar, ya tsaya a kan layinsa.

"Ni ai ina da shida."

"Ni na rubuta su, yallaɓai. Kai dannawa ka yi."

Ya ajiye takardar. Ya buɗe littafin, ya karanta shafi biyu da sauri, ya dawo ya sake karanta su a hankali. Da ya kai na bakwai ta ɗora hannu a kai.

"Wannan an hana."

"Mutum ɗaya ne wannan," in ji shi. "Tsoho mai jan biro. Ni dubu huɗu nake magana."

"Na kira talatin ranar Asabar. Ban tambaye su ko dandali ya yi kyau ba. Cewa na yi, me kuka so rubutawa kuka fasa? Ashirin da shida amsar tana bakinsu. Wani yana jira ya samu aiki tukuna. Wani ya rubuta ya ba ƙaninsa mai digiri ya duba masa, ƙanin bai dawo da shi ba. Wata tana jira ta rame."

Manaja ya yi dariya har ya dafa tebur. Da ya gama ya ce, "Laifin wa ke nan?"

"Nawa. Ni na rubuta shafi na huɗu. Abin da muke taƙama da shi na ɗauka na ɗora musu a ka tun daga bakin ƙofa. Mu kuma ba mu taɓa jin nauyinsa ba, don muna da inda muke saukewa."

Ya kalli takardar mutanen tukuici, ya kalli agogo. "Suna jirana ƙarfe biyu."

"Ka ce musu sati biyu."

"In bai yi ba fa?"

"Na san inda teburin ƙorafi yake."

Ya ba ta sati biyu daga ranar da za a buɗe, da mutum ɗari biyar daga cikin masu shirun, har da Kawu da Yaya.

Suka buɗe ranar Juma'a. Ta sake shafi na huɗu, wannan karon cikin minti goma: "Shigo. Nan ɗakin gwaji ne. Abin da aka faɗa a nan bayan kwana bakwai ya share. In akwai wanda kake so ya zauna, ga hatimi. Ba gaggawa." Yinin farko ba abin a zo a gani, gaisuwa ce jefi-jefi, kamar masu taɓa ruwa da yatsa. A na biyu wani ya tambayi inda ake gyaran firji. Mutum tara suka amsa, huɗu suka yi faɗa a kan amsar, mai firjin ya dawo ya ce ashe filogi ne ya saki, aka taru a kansa. Daga nan ta daina gadin lambobi, ta koma karanta hirar kamar kowa.

Kafin sati biyun su cika, mutum ɗari uku da arba'in sun yi magana. Hatimi kuwa hamsin da ɗaya ne suka danna. Dogo ya ce sun yi kaɗan. Ta ce ya karanta su tukuna. Akwai wanda ya saka hoton shagonsa ranar da ya buɗe. Akwai malamar da ta jera sunayen 'yan ajinta da suka ci jarrabawa. Akwai direban da ya rubuta layi biyu a kan motar da ya tuƙa shekara goma sha tara, ranar da ya rabu da ita. Dogo ya karanta duka, bai sake maganar yawa ba.

Ranar da wa'adin ya cika Manaja ya tsaya a bakin teburinta da kofi a hannu.

"Na kira mutanen tukuici. Na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"Ƙofata fa?"

"Taki ce. A buɗe wa sauran ranar Laraba. Amma wannan 'ba gaggawa' da kika rubuta, ni ina da gaggawa. Ina son hamsin da ɗayan nan ta zama ɗari biyar."

"Sai sun ga dama, yallaɓai."

"To ki sa su ga dama. Me nake ajiye ki ki yi?" Ya wuce yana kurɓar kofinsa.

Ta jawo takarda za ta fara jerin aikin mako, sai wayarta ta yi ƙara. Yaya ce.

"Auta, tambaya ɗaya. A ɗakin gwajin nan naku, ina ake dannawa a daina ganin mutum?"

"Wa ya dame ki?"

"Kawu mana. Daga safe zuwa yanzu saƙo sittin da biyu. Ya gama da masu facin titi, ya koma kan batiran zamani, yanzu yana koya wa wani bawan Allah yadda ake ninke jarida. Kuma duk wanda ya yi masa musu sai ya jawo sunana in zo in ba da shaida. Ina bakin aiki fa."

"Babu wannan maɓallin tukuna."

"To ku yi shi. Kuma kada ki ce masa ni na ce."

Ta rubuta shi na ɗaya a jerin, ta tashi ta nufi teburin Dogo.